Manomin da Ya Rage Tsayin Babur

Tunda ka ce kai mai son sauƙaƙa wa mutane ne, gyara zama in ba ka misali, ka ji abin da alheri ke haifarwa in bai tsaya ya yi tambaya ba.

An yi wani dattijo manomin albasa, yana da tsohon babur da matar da suka tsufa tare. Gidansu cike yake da 'ya'ya da surukai da jikoki, ka kuwa san mutanenmu da kunya. A tsakar gida maganarta ba ta wuce "ga abinci," tasa ba ta wuce "sannu da aiki." Hirarsu duk a kan babur take. Kowace ranar kasuwa yakan goya ta zuwa ƙauyen da 'yarsu ke aure, kuma da sun fita gari sai bakinta ya buɗe. Ta ba shi labarin waɗanda suka ɓata da waɗanda suka shirya, ta yi masa tsiyar furfura, ta tuna masa rigar aron da ya sa ranar da ya fara zuwa zance. Shi yana gaba yana murmushi, wani lokaci ya ce iska ta kwashe maganar don kawai ta maimaita. Duk mako wannan hanyar yake jira.

Abu ɗaya ne ke ci masa tuwo a ƙwarya. Matar gajera ce, gwiwa ta fara ciwo, ga babur da tsayi. Sai ta taka wani tsohon turmi da aka kife a ƙofar gida kafin ta hau, tana nishi tana dafa kafaɗarsa. Tausayi ya kama shi. Bai ce mata uffan ba, ya kai babur wurin bakanike ya ce a rage tsayin sifirin ɗin baya, wato naɗaɗɗen ƙarfen nan da ke ƙarƙashin kujera. Bakanike kuwa abin da ka ce shi zai yi maka. Ranar kasuwa ta ɗaga ƙafa ta zauna, ba turmi ba nishi, shi kuma ya waigo yana washe baki kamar wanda aka yi wa albishir. Abin da bai sani ba, tsayin nan da ya yanke shi ne ke shanye dukan hanya. Sifirin da aka gajarta ba shi da sauran wurin lotsawa. Da taya ta faɗa rami sai ƙarfe ya daki ƙarfe, dukan ya bi kujera ya sauka a ƙugun na baya. Mai tuƙi yana hango rami, ya riƙe kan babur, ya ɗan ɗaga jiki. Na baya sai dai ya ji saukarsa.

Haka ta cije suka ci rani, suka shiga damina, hanya ta ƙara lalacewa. Hirar ta soma yankewa, ta ɗauko labari rami ya katse shi, ba ta kuma komawa. Daga nan sai uzuri: yau ciwon kai, mako mai zuwa wanki, na gaba baƙi. Ya koma tafiya shi kaɗai, hanyar da a da ba ta isarsa ta zama ba ta ƙarewa. Kewarta ta dame shi, alhali kullum yana ganinta tana tankaɗe a tsakar gida. Ya zaci gajiya ta yi da shi. Ya sayo goro, ya sayo turare, ta karɓa ta yi godiya, amma babur dai ba ta hau ba. Tambaya kuwa ta yi masa nauyi a baki, shi da ya iya ciniki da dillalan albasa tun safe har azahar.

Ana nan ƙaya ta soke shi a gona, ƙafa ta kumbura, babban ɗansa ya goya shi a wannan babur zuwa asibiti. Ranar ya fara zama a baya. Ramin farko haƙoransa suka haɗu, na biyu ya ji shi har ƙeya. Kafin su isa ya daina jin ciwon ƙafar, sai tuno ranakun kasuwar da ta sha wannan a bayansa yana gaba yana jin ya yi gwaninta. Da ya dawo ya same ta a ɗaki ya ce, "Me ya hana ki faɗa mini?" Ta ce, "Malam, na ga yadda ka waigo kana dariya ranar nan. Da wane baki zan faɗa?"

Da ƙafa ta warke ya mayar da babur aka sa masa dogon sifirin, ya mirgino turmin ya kife shi a wurinsa. Sai dai bayanta ya riga ya taɓu, likita ya ce ita da babur sai kallo. Turmin yana nan a ƙofar gida, jikoki ke zama a kai. Shi kuma har yau yana zuwa ƙauyen 'yarsu da saƙon gaisuwarta, yana lallaɓa kowane rami ba kowa a bayansa, in ya fita gari sai ka ga ya ɗan karkatar da kunne baya.

Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira an rasa ido.