Iskar da Na Sace wa A-kori-kura

Wallahi ko da Alƙur'ani na dafa ba za ka yarda ba, amma ni ɗin nan, da ko aji uku ban ƙarasa ba, na juya kan bakanike uku da tsinken ashana ɗaya. Ina da wani maƙwabci direba mai a-kori-kura, tumatir yake ɗauko wa 'yan kasuwa, ita ce cinsa ita ce shansa. Ya ishe mu da cika baki, wai ko ya saki sitiyari motarsa ba ta kauce wa hanya. To, ni kuwa kullum da safe in ya shiga shan koko, sai in rufe tebur ɗin manjana, in lallaɓa in kwance murfin bakin iskar tayar gaba ta hagu, in danna tsinke, in rage mata iska. Mota ta kama ja hagu kamar akuyar da ta hango dusa. Sau uku ana yi mata saitin ƙafa, ana ƙara iska, washegari ta koma gidan jiya. Daga ƙarshe wani ya ce masa ai ƙarfen ƙasanta ne ya lanƙwashe, gara ya rabu da ita. Bawan Allah ya rame. Ranar da na ji ya kira dillali, dariyata ta ɗauke, amma na kasa tona kaina.

Kafin dillali ya zo, wani tsohon bakanike ya ce a bari ya duba. Ya ja zare daga tayar baya zuwa ta gaba, ƙafa daidai. Ya ɗaga ta da jak ya juya taya, birki bai riƙe ba. Sai ya musanya tayoyin gaba, mota ta koma ja dama. Ya ce, "Ƙarfenka lafiya lau, taya ce." Ya tsoma ta a ruwa, ba huji. Can ya ɗauki murfin nan ya shinshina, ya nuna wa jama'a: ja wur, sai naso yake. Duk layinmu kuwa mai manja ɗaya ne.

Direba ya zauna a ƙasa yana ta hamdala, har da ƙwalla. Bai zage ni ba. Sace iskar tayoyin huɗu ya yi tas, ya miƙo mini famfon keke, ya ce, "Maƙwabci, mayar da abin da ka ɗiba." Tun hantsi nake bugu har la'asar, 'yan zaman majalisar layinmu na ƙirga mini. Gaskiyar masu iya magana: in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.