Kwalliyar Ranar Mulkin Kai

Tandun tozalin Sadatu ya sake yin ƙasa. Ta zura tsinke, ta juya, ta zaro shi kusan fari fat. Tozalin nan fa bai daɗe da zuwa daga Birnin Kebbi ba. Ta yi tsaki, ta lallaɓa ɗan abin da ya saura a ido ɗaya, ɗayan kuma sai Allah.

Ita dama kwalliyarta a tsaye take yin ta. Matar masunci a Argungu, ga 'ya'ya birjik, ga bandar kifi a tsakar gida, ina ta ga zama gaban madubi? Da safe za ta goya Kalilu, ɗan autanta, ta wanke fuska da sabulun salo, ta murza man kaɗanya tana hura wuta, ta zizara tozali tana juya kifi. Kafin hantsi hayaƙi ya cinye komai. Duk da haka ba ta fashi, domin Illo, mijinta, mutum ne mai lura. Da can ko kitso ta sauya sai ya tanka: "Wanga kitso don wa anka yi shi?"

Tun farkon damina ya daina. Ta yi lalle, ta gitta ta gabansa, ta sake gittawa, ko kai bai ɗaga ba. Ta ɗaura sabon zane, shiru. Sai in ta shafa turare yake cewa madalla, kai ka ce hanci ta aura.

Ga shi ya bar zuwa gulbi. Wai baya ke damunsa, ya miƙa wa ƙanensa kwalekwale, ya shige ɗaki yana ɗinkin taru, kai a sunkuye. Ya kuma tsiro da faɗa. Kada a gusar masa da tabarma, kada a taɓa buta daga inda ya ajiye ta. Ranar da ya yi tuntuɓe da turmi kuwa, yaran gidan sun sha masifa.

Ɓarawon tozalin ma ashe shi ne. Umma, babbar 'yarta, ita ta gan shi yana laftawa safe da yamma. Wannan ya ƙona wa Sadatu rai fiye da komai. Namiji da furfura, ba Juma'a ba, ba Salla ba, ya ƙarar mata da tozali, sa'an nan ya kasa yi mata kallo ɗaya? Ta yanke a ranta cewa ta fita ransa. Haihuwa da hayaƙi sun tsofar da ita, shi ke nan.

Ta kai kukanta ga Wuraola, Bayarabiya mai kayan koli da ke zuwa daga Birnin Kebbi tana bin gidaje. Wuraola ta kwance ƙunshi, ta fito da hoda da jan-baki.

"Maman Umma, shafa wannan. In bai juyo ba, ki maido min kayana."

Sadatu ta karɓa, ta kuma yi rantsuwa. Ranar mulkin kai ta ƙarato, gari duk maganar ake yi. Ran nan za ta yi kwalliyar da ba ta taɓa yi ba. In Illo bai dube ta ba, za ta ƙulle kayanta ta tafi Augie gidan yayanta, in ya so ya ci gaba da zama da tarunsa.

Ranar ta zo da kiɗa ta ko'ina, 'yan makaranta suna wucewa da ƙananan tutoci. Sadatu ta bar banda ta mutu. Ta yi wanka a natse, ta ci goro da fure har haƙora suka yi ja, ta shafa hoda, ta ja jan-baki, ta kafa ɗauri. Ta duba madubi, ita kanta sai da ta yi murmushi.

Sai Kalilu ya tsala kuka. Ta sunkuya ta ɗauke shi, ba ta san a bakin banda ya wuni yana dama gawayi ba. Ya tallafe fuskarta da hannu bibbiyu, ya shafa. Ta koma madubi. Baƙi tun daga goshi har haɓa, jan-bakin ya kai kunne.

Ba ta goge ba. Takaici ya kai ta maƙura. Ta dire yaron, ta faɗa ɗakin Illo a haka, ta tsaya jikin ginshiƙin da yake rataye taru.

"Maigida, ga ni. Ƙaƙa ka gan ni?"

Ya ɗan ɗago, ya yi murmushi. "Kin yi kyau, Sadatu. Ba ki taɓa yin kyau irin na yau ba."

Abin har ya kai ba'a ke nan. Da shirun ma ya fi mata sauƙi.

"To na gode. Augie za ni."

Ta juya, ƙafa ba takalmi, ta nufi ƙofa. Nan kuka ya ƙwace mata, ta tsaya, ta toshe baki da gefen zane don kada ya ji daɗi.

"Tsaya mana. Mi na yi maki? Don Allah kada ki tafi ki bar ni yanzu."

Ta waiwayo don ta ba shi amsa. Ya miƙe a kan gwiwoyinsa, hannu a gaba yana lalube, yana ta roƙon ginshiƙin da ta baro. Hasken ƙofa ya sauka a fuskarsa, ta ga farin da ya rufe masa ƙwayar ido duka biyu. Illo ba kallonta ya daina ba, gani ya daina.