Harajin Jika

Ga ta nan, ga ta nanku. Ta zo mu ji ta, ko da ba mai daɗi ba ce.

Baballe yana goge takalmin zuwa aiki a gidansa da ke unguwar Nu'aija a Doha, saƙon lauyoyin Amurka ya shigo wayarsa. Ya karanta, ya sake karantawa, sannan ya ajiye takalmin.

Baballe injiniya ne a wani kamfanin gas a Doha, kuma shi ne autan gidan Dakta Umar. Dakta ya yi shekara da shekaru yana aikin likita a Amurka, a can Baballe ya girma, Hausarsa ta cikin gida ce kawai. Da tsufa ya zo, Dakta ya koma Kano, korona ta ɗauke shi a shekarar da aka rufe hanyoyi. Jirgi bai tashi ba. A waya Baballe ya kalli jana'iza, yana zaune a kan dadduma shi kaɗai.

Tun yana da rai Dakta ya ware wata dukiya a Amurka, ya ce ta Baballe ce, ya ba babban ɗansa Abdulbaƙi amanarta. Gidajen Kano da gonaki kuwa ya bar su sai ranar rabon gado. Baballe bai yi mamaki ba. Ai shi ne ɗan lele. Shi kaɗai yake cire wa tsohon hula ya gudu da ita, shi kaɗai Hajiya, matar Dakta, take ce wa maigidana, tana tsokanarsa wai bai kawo kuɗin cefane ba.

To, yanzu kuɗin sun fito, amma da wutsiya. Lauyoyin suka ce idan dukiya ta tsallake ɗa ta sauka a hannun jika, hukumar can tana da nata haraji, kashi arba'in cikin ɗari, kuma wanda ya karɓa shi zai cike takarda ya biya. Mai riƙon amana ya riga ya kai nasa rahoton bisa rantsuwa. A gurbin dangantaka, Abdulbaƙi ya rubuta jika.

Baballe ya kira su ya ce kuskure ne. Suka ce mai riƙon amana ne kaɗai zai gyara.

Ya kira Yaya Abdulbaƙi. Yaya ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Kai, ka biya. Zan cika maka daga wajena." Haka yake. Bai taɓa kiran sunan Baballe ba, daga kai sai yaron nan. Ko a hoton gida, in Baballe ya tsaya a dama, shi sai ya koma hagu. Tun yana ƙarami Baballe ya yanke cewa mutumin nan ba ya ƙaunarsa.

Abokinsa Sayibu, mai koyarwa a jami'a, shi ya ƙara wa wutar itace. "Kai dai Ba'amurke ne," in ji shi. "Ba harajin ne abin tsoro ba. Jika ba ya gado in akwai ɗa. Yau an rubuta ka jika a Amurka, gobe a ɗauko takardar a ajiye gaban alƙali a Kano. Shi ke nan, gidaje sun tafi."

Daga ranar Baballe ya daina barcin kirki. Kuɗi za su iya tafiya. Amma a cire shi daga 'ya'yan mutumin da ya goya shi a kafaɗa, kuma bayan tsohon ya kwanta dama? Ya ɗauki lauya a Kano. Ya daina ɗaga wayar Yaya.

Ana haka gasar cin kofin duniya ta zo, Doha ta cika ta batse. Wata la'asar abokai sun taru a falon Baballe suna kallon wasa, aka yi sallama. Abdulbaƙi ne, da 'yar jakarsa, kai tsaye daga filin jirgin Hamad. Mutumin da bai san 'yan ƙwallo nawa ke shiga fili ba ya sayi tikitin kallon wasa don kawai a bar shi ya shigo ƙasar. Gemunsa ya yi fari. Ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hularsa.

"Ina son magana da kai," ya ce. "Mu biyu."

"Faɗe ta a nan, Yaya. Waɗannan shaidu ne."

Abdulbaƙi ya dubi baƙin, ya dubi ƙasa.

"Za ka gyara takardar?" in ji Baballe.

"Ba zan iya ba."

Baballe ya miƙe. Ya kira shi maci amana, ya kira shi mai hassada tun yarinta. Sayibu yana jan rigarsa, yana fizgewa. Daga ƙarshe ya nuna shi da yatsa ya ce, "Allah ya isa tsakanina da kai, duniya da lahira. Fice mini daga gida."

Abdulbaƙi ya mayar da hularsa kai. Ya ajiye ƙunshin kilishin da ya zo da shi a gefen ƙofa, ya ɗauki jakarsa. A talabijin aka zura ƙwallo, unguwa ta ɗauki ihu.

Da baƙi suka watse, Baballe ya kira Hajiya, zuciyarsa na tafasa. Ya kwashe labari duka ya faɗa mata, har Allah ya isan bai rage ba. Yana jira ta ce ya yi daidai.

Da Hajiya ta buɗe baki, babu tsokana a muryarta.

"Da ya rubuta ɗa, da ba ka biya ko sisi ba, kuma ya sani. Kunyar ɗan fari ta rufe masa baki tun ranar da matarsa ta rasu wurin haihuwa muka ɗauke jaririn. Amma ya ce ba zai rantse cewa kai ba nasa ba ne. Baballe, ubanka ka kora."

Ƙurunƙus. Kan ɓeran nan ko kyanwa ba ta so.