Kuskuren Baiti na Goma Sha Bakwai

Baiti na goma sha bakwai na sabon littafin waƙen ne ya hana Josenildo gama abincin rana. Ya karanta, ya sake karantawa, sai ya ture kwanon wake da shinkafa ya miƙe.

"Lafiya?" in ji Dona Creuza, nas ɗin da yake aiki a ƙarƙashinta a ƙaramin asibitin unguwa.

"Basilin, Dona Creuza! Cewa ya yi a shafa wa kwaroron roba basilin!"

Ta dafe ƙirji. "Wayyo Allah! Ai maiƙo cinye robar yake yi, ta yage. Yaushe littattafan za su fito?"

"Gobe Asabar. Guda ɗari takwas."

A birnin Recife na wancan lokacin, ƙanjamau yana ɗauke samari kamar ana tsince su, kuma ba mai buɗe baki. Sai wani da ke kiran kansa Tião do Cais ya fara fitar da ƙananan littattafan waƙe, irin waɗanda ake ratayewa a igiya a kasuwa. Nasa labarin soyayya ne tsakanin saurayi da saurayi. Akwai dariya, akwai kishi, amma duk sa'ad da labari ya kai inda ya kai, sai jarumin ya sa hannu a aljihu ya fito da abin kariya. Samarin da ko da bulala ba za su taka ƙofar asibiti ba, su ne suka haddace baitocin kaf.

Josenildo ma a nan ya koya. Yana ɗan shekara ashirin ya sauka a birnin da jaka ɗaya, bayan an rufe masa ƙofar gidan mahaifinsa a ƙauye, ba wanda ya zaunar da shi ya gaya masa komai. A cikin shekara huɗu ya raka gawar abokai uku. Yana son littattafan nan ƙwarai, don jaruman Tião duk 'yan ƙauye ne, masu cizon farce da saurin fushi, kamar shi.

Shi ya sa yau abin ya ci masa rai. Samfuri ne wani mai sayarwa ya ba shi, sauran suna maɗaba'a. Duk abin da Tião ya faɗa, samarin nan yi za su yi, ba tambaya.

Motar hayar da ya hau zuwa maɗaba'a ta maƙale a kan gada. Ya duba agogo, ya ciji yatsa, ya sake duba agogo. Daga ƙarshe ya dire ya kama gudu, rana tana dukan tsakar kansa.

Ya tarar da Seu Valdomiro, tsohon mai maɗaba'a, yana ɗaure littattafan dami-dami.

"Seu Valdomiro, ka tsaya! Akwai kuskure, kuma kisa zai yi."

Tsohon ya saurara har ƙarshe, ya ɗaga tabarau ya karanta baitin. "To, na ji. Amma ni ba na taɓa baitin wani."

"Kalma ɗaya ce fa!"

"Kalma ɗaya? Kai ɗan nan, ka cire ta, amsa-amon ya rushe, layi shida su bi shi. Shekara arba'in ina wannan aiki, mai waƙa ne ke gyara waƙarsa. Ƙarfe uku zai zo ɗaukar nasa kason, sai ka jira."

Jira! Josenildo ya zauna a kan dami, ya tashi, ya leƙa titi, ya dawo. Ya ƙirga tayal ɗin ƙasa. Can sai wani tunani ya faɗo masa, ya ji ransa ya ƙara ɓaci.

"Mutumin nan ba irinmu ba ne, ko?"

Tsohon ya ci gaba da ɗaure daminsa.

"Wallahi ba irinmu ba ne! Wanda ya taɓa buɗe takardar robar nan da hannunsa ba zai rubuta haka ba. Ashe duk shekarun nan maƙaryaci muke bi!"

"Rage murya," in ji Seu Valdomiro. "Ba irinku ba ne, gaskiya ne. Kafinta ne, kuma tafiyar awa shida yake yi duk wata. Ran da ya fara zuwa nan, gumi yake yi kamar ɓarawo. Sau uku yana zuwa asibiti tambaya, sau uku kunya tana koro shi daga bakin ƙofa. Abin da ya tsinta a rediyo da takardun bango shi yake haɗawa."

"To wa ya aike shi?"

"Ya ce mutum ɗaya tak yake rubuta wa. Ku sauran, sa'a kuka ci."

Josenildo ya juya wa ƙofa baya, ya buga littafin a kan tebur. "To bari ya zo. Zan gaya masa a gaban idonsa, wannan baitin zai iya kashe mutum ɗayan nasa!"

"To gaya mini daidai ɗin, in gyara yanzu," in ji wata murya a bayansa. "Ko kwana zan yi a nan, sai na gyara."

Josenildo ya daskare. Ya juyo a hankali. Wani dattijo ne a bakin ƙofa, ƙurar hanya har gwiwa, ya cire hularsa yana murza ta da hannu biyu. Shi ma ya daskare.

Duk zagin da Josenildo ya tanada ya gudu, bakinsa ya faɗi abin da ya saba faɗa wa wannan mahaifin nasa tun yana yaro.

"Sa mini albarka, Baba."