Ranar da Aka Ce Gyula Ya Warke

Etelka ta banko ƙofar kicin, ko takalmi ba ta cire ba.

"Tsoho, ajiye cokalin nan ka ji!"

Mijinta Gyula ya yi saurin jan ƙyalle ya rufe haɓarsa. Tun da aka yanke masa rabin harshe saboda ciwon daji, shi kaɗai yake cin abinci, yana fuskantar bango, don miya takan zubo masa ta gefen baki. A da, ba a biki a ƙauyen sai shi ya yi wa amarya waƙar rakiya. Yanzu ko jikarsa ba ta gane maganarsa.

Da wani ƙullutu ya sake fito masa a wuya, Etelka ta daina barci. Shi kuwa sai ya saki jiki. Ya gyara shinge, ya faskara itacen hunturu, har murmushi ya yi mata. Ta ɗauka jarumta ce.

Yanzu ga ta tsaye a kansa tana cewa, "Daga asibiti nake. Likita ya ce ƙullutun ba komai ba ne, babu sauran cuta! Sai ka binne mu duka, ɗan rigima!"

Hawaye suka zubo masa. Ta rungume shi tana dariya.

"Yi kukanka, ni ma na yi nawa a cikin bas."

Ya daɗe yana kokawa da kalmomin kafin su fito.

"Etelka, ni fa na ɗauka na kusa hutawa."

Dariyarta ta ɗauke, ta ja kujera ta zauna kusa da shi, ita ma tana fuskantar bango.