Ranar da Kawu Sale Ya Ƙona Mini Inji

Ina 'yar shekara goma sha ɗaya Baba ya saya mini ƙaramin jirgin sama mai injin gaske. Takardarsa ta ce sabon inji sai an lallaɓa shi da mai da yawa kafin a ba shi wuta. Sau uku na karanta ta.

Wata Asabar a bayan gidanmu a unguwar Catford, can ƙasar waje, sanyi ya hana injin tashi. Na rungume shi cikin rigar sanyina har ya yi ɗumi, sannan ya kama, yana tari.

Sai ga Kawu Sale, abokin Baba, sun fito tare da Baba. Ya ce, "Wannan ai minshari yake! Matsa, shekarata goma ina gyaran janareta a Kano." Ya hau murɗa sukurun mai, yana rage man.

Na ja hannun rigar Baba. "Baba, zai ƙone."

Baba ya ce, "Yi shiru, ba a yi wa babba gyara."

Injin ya ƙwalla ƙara, ya tsaya cak, yana warin ƙonannen mai. Kawu ya karkaɗe hannu ya ce kayan zamani ba su da ƙwari.

Har yau abin yana ci mini rai. Ni aka aika na haɗa masa shayi, har da sukari cokali uku, yadda yake so.