Ƙashin Tsiyar Mang Celso

"Tashi, Mang Celso, ƙashin tsiya gare ka!" in ji Boyet mai aski. Wasa uku tsohon ya kalla a talabijin ɗin shagon Boyet, duka aka lallasa ƙungiyarmu ta ƙwallon kwando. Saura ɗaya abokan karawa su ɗauke kofi.

Muka kore shi. Sai ga mu mun ci huɗu a jere!

Da ihu muka kai masa gasasshiyar kaza har gida. Yana zaune shi kaɗai.

Muka ce, "Tatang," wato Baba, "rashinka ne ya ba mu kofi!"

Ya ce, "Mai lamba tara na ƙungiyar da kuka cinye fa, ya rame?"

"Ina ruwanka da shi?"

"Ɗana ne. Tun rasuwar uwarsa, a talabijin ɗinku kawai nake ganin fuskarsa."